Hannun Sosamma

Shekara talatin da takwas ina tuƙa kwale-kwale a ruwan Alappuzha.
Na san inda mashigi ke da zurfi,
na san inda ciyawa ke riƙe filafili,
ban san inda soso ke kwana a gidana ba.

Sai ranar da Sosamma ta zame a bakin rijiya.
Hannun dama ya karye, aka naɗe shi, aka rataya mata a wuya.
Ta ja kujerar roba zuwa ƙofar madafa,
ta ɗora ƙafa kan buhun shinkafa,
ta ce, "Kuriakose, zo. Yau kai ne ɗan koyo."

Na kai hannu ga tukunya.
"Tsaya. Naka ne farkon abin wanki.
Da shi ka kwance igiyar jirgi,
da shi ka shafa kan kare.
Sabulu har tsakanin yatsu, har ƙarƙashin farce."

Kofunan shayi su ke shiga gaba, tun ruwa bai gaji ba.
Faranti su biyo, cokula su biyo,
kaskon suya shi ne auta.
Ragowar shinkafa ta kaji ce,
ba ta bakin magudana ba.

Soso uku ne a jikin ƙusa, ni kuwa da duk ɗaya nake gani.
Koren na kofi ne da faranti.
Ɓawon kwakwa, mai gashi kamar gemun limamin cocinmu,
shi ke kokawa da gindin tukunya.
Na ukun, mai ɗaurin jan zare,
katakon yankan kifi kaɗai ya sani.
"Ran da ka kai shi bakin kofin jikata,
da hannun hagu zan fitar da kai gidan nan."

Tukunyar ƙasa da kifi ke nuna a ciki
ba ta shiri da sabulu:
takan sha, ta yi shiru,
gobe ta amayar da shi cikin miya.
Ruwan zafi take so, da ɓawon kwakwa, da wanda ba ya sauri.

Damina ta kankama, kwana tara ba rana.
Na zaro tawul daga kafaɗa zan goge faranti.
Ihun da ta yi, sai da hankaka ya bar katanga.
"Tsumman da ya sha gumin wuyanka?
Kife su a kan waya, bar iska ta ci ladanta."
Na kife su.
Suka yi ta ɗiga, rufin kwano na amsa musu.

Da dare Jinsi ta bugo daga asibitin Kochi:
"Baba, sunsuna soson."
Na sunsuna. Ban ce komai ba.
"To jefar."
Na ce ai da sauran ransa.
Ta ce, "Ran da ke cikinsa nake gudu.
Abin da ke murɗa ciki ba ya sallama kafin ya shigo.
Sabon kuma ka matse shi, ka rataye,
kada ya kwana cikin ruwa."

Mako shida.
Yatsuna sun yi yaushi kamar na mai wanki,
bayana ya koyi wani sunkuyo da jirgi bai koya masa ba.
Na lissafa: sau uku a yini, shekara talatin da takwas,
ban kai ƙarshen lissafin ba, kunya ta tare ni.

Ran da aka kwance mata ɗauri
ta ɗauki kofi ɗaya, ta ɗaga shi saitin taga,
ta ja babban yatsa a cikinsa.
Ya yi ƙara, ƙiii, kamar ɗan tsako.
Ta mayar da shi, ba yabo ba fallasa.

Bayan cin dare ta naɗe hannun riga,
ta same ni tsaye gaban famfo.
"Matsa."
Ban matsa ba.
Ta daɗe tana kallon ƙeyata.
Sai na ji ƙarar kujerar roba a kan siminti,
da muryarta daga baya:
"Kofuna tukuna."